Ruwan Wilin Baba

Ni tela ne, kuma babban abin da sana'ata ta koya mini shi ne kada in yarda da sheƙi. Shaddar da ta fi ɗaukar ido a kanti, wanki ɗaya za a yi mata ta koma kamar zanen gado. Na faɗi haka da babbar murya ranar da muka je Gusau sayen wilin keken Baba, ba wanda ya ko waiwaye ni. A gidanmu dama ni ne ɗan tsakiya. Aike ake yi mini, ba a tambayata ra'ayi.

Keken Baba ba irin baƙin keken nan na dattawa ba ne mai kariya da madigadi. Wancan ya daɗe da mutuwa. Wannan ɗan tsere ne na gwanjo, tayarsa siririya kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sirdinsa kuwa ko kaza ce ta zauna sai ta yi ƙorafi. A rataye ya gan shi a bakin kasuwa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ji ba nauyi, shi ke nan ya kamu. Dattijo da furfurarsa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya duƙa kamar mai ruku'u, yana sheƙa gudu daga Bungudu zuwa gonarsa ta wajen Rawayya. Mu muna jin kunya, shi yana jin daɗinsa.

Baba ba ya zama. Gona, suna, jana'iza, dubiyar mara lafiya, duk a kan keken nan. In ka ce ya hau bayan babur sai ya ce shi ba buhu ba ne da za a goya shi.

Wata damina wilin baya ya tsage. Wili nake nufi, ƙarfen nan da taya ke zama a kansa, wanda yara ke yin gargare da shi in ya mutu. Mai gyaran keken unguwarmu ya ce ruwa da yashi ne suka yi ta shiga tsakaninsa da robar birki, suka cinye gefensa har ya zama kamar gwangwanin madara. Baba ya faɗi, ya goge gwiwar hannu, ba wani abin a zo a gani ba. Amma labari ya kai Tsafe.

A Tsafe Yaya yake, babban wanmu, fataucin hatsi yake yi. Mutum ne mai son Baba ƙwarai, sai dai shi sonsa ta hanyar ba da umarni yake fitowa. Ya shigo motar safe, ko ruwa bai sha ba ya ce hawan keke ya ƙare. Zai ɗaukar wa Baba ɗan kabu-kabu guda, duk inda yake so a kai shi.

Baba ya ce, "Wili za a saya."

Yaya ya ce, "Baba, ka dubi shekarunka."

"Na dube su. Wili za a saya."

Da Yaya ya ga ba ci gaba, ya ce to a je Gusau ɗin, da fatan ba za a sami wanda ya dace da wannan keken aljanu ba. Kafin mu tashi mai gyara ya ja ni gefe ya ba ni saƙo. Ya ce a zaɓi mai ciki biyu, wanda gefensa ke da kauri, kuma a duba ramukan sifok, wayoyin nan da ke riƙe wili, in suna da 'yan zobba a bakinsu, don kada sifok ya yi ta ja har ya yage ƙarfen. Na ce launi fa? Ya ce launi na mata ne.

Mai shagon da muka samu wani matashi ne mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da lema a watan bazara ka yi masa godiya. Ya fito da wani fari sakayau, Baba ya lanƙwasa shi da gwiwa ya mayar masa. Ya fito da wani farin mai ciki biyu, mai kauri, daidai da saƙon mai gyara, na ce to alhamdu lillahi mu tafi. Sai ɗan banzan ya shiga can ƙurya ya fito da wani a leda, ya zare shi a hankali kamar mai buɗe amarya. Baƙi wuluk, ba ya ƙyalli sosai, amma ido ba ya barinsa.

Ya ce, "Wannan mai ruwa ne, Baba."

Baba ya ja da baya. "Ruwa? Ruwa hwa ya kashe wancan. In sayi wanda ya zo da nashi tun daga kanti?"

Yaron ya yi dariya ya ce ba irin wannan ruwan ba, irin ruwan gwal da ake yi wa 'yan kunnen mata. Ya ce ba fenti ba ne, da shi aka dafa ƙarfen, yana hana tsatsa, yana hana ƙarcewa, yana ƙara masa ƙarfi. Da an bar shi da ya ce yana maganin basir. Sannan ya faɗi maganar da ta jawo mana duk abin da ya biyo baya.

"Kafin ruwan nan ya fita, Baba, kai da kanka ka gaji da hawan keke."

Na ga idon Yaya ya yi wal. Ɗan kasuwa ne, ya san bakin ɗan kasuwa. Ya ce, "To Baba, mu yi haka mana. Ka ci gaba da hawa. Ranar da ruwan nan ya fita, ka sauka."

Baba ya dubi mai shago. Mai shago ya ce ai har jikan Baba sai ya hau ya bar shi da ruwansa. A nan ne na kawo maganar shadda, Baba ya ce in yi musu shiru, ana maganar ƙarfe ina maganar tsumma. Ya miƙa wa Yaya hannu. "Na yarda. Ku shaida." Muka shaida, ni da mai shago da wani mai rake da ya tsaya kallo.

Wanda bai san Baba ba zai ɗauka wasa ne. Mutumin da wata gardama ta haɗa shi da Inna tun muna yara, ya ce ba zai ƙara cin miyar kuɓewa ba, kuma har yau bai ci ba. Shi kansa ya manta abin da aka yi gardamar a kai. In ya ce zai sauka, zai sauka.

Gaba da baya muka saya. Mai gyara ya ɗaura sifok, ya daidaita su, ya juya taya tana tafiya sumul. Gaskiya wilin ba shi da laifi, mai ciki biyu ne, da kaurinsa da zobbansa. Kuma kyau dai ya yi kyau. Ni da nake ta surutu, sai da na zagaya keken ina kallo.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwan yamma ya kama Baba a hanyar gona. Da safe ya fito da tsumma zai goge kekensa, sai ga wani farin zare ya zagaye gefen wilin, siriri, daidai inda robar birki ke kamawa. Ya goge, bai tafi ba. Ya tofa yawu ya goge, ya ƙara haske. Ya tura keken wurin mai gyara.

Mai gyara ya ce, "Birki ne ke cin shi, Baba. Duk haka suke yi. Ƙarfen na nan lafiya lau, launin ne kawai."

"Birkina ke cin ruwana?"

"Awo."

Baba ya tsaya yana kallon hannun birkin kamar wanda ya kama ɗansa da sata. Da Yaya ya zo ya ga zaren ya ce ai ya fara fita. Baba ya ce fara fita ba fita ba ne. Suka rabu a haka.

Daga ranar Baba ya daina kama birki.

Ba wai ya rage ba. Dainawa ya yi. In zai tsaya sai ya sauke ƙafafu biyu ya ja su a ƙasa, ƙura na tashi, takalma na kuka. Tun daga nesa yake fara lissafin inda zai tsaya, wani lokaci lissafin ya yi daidai, wani lokaci ya wuce ƙofar gidansa yana kallonta, sai ya je wajen injin niƙa ya juyo. Ƙararrawa ta yi masa kaɗan, ya koma ihu: "Hanya! Ba ni tsayawa!" Awakin unguwa suka gane muryarsa, da sun ji ta su manne da bango. Mai faci ya samu sabon ciniki, ba na taya ba, na takalmi.

Matsalar da ta fi girma ita ce gaisuwa. A wurinmu ba ka wuce dattawa a kan keke kana ɗaga musu hannu kamar gwamna. Sauka ake yi, a yi musabaha, a tambayi gida da gajiya da ruwa da iyali. Baba kuwa bai taɓa rage wa gaisuwa ko kalma ba. Sai ya samo dabara. Tun daga nesa zai ƙwala sallama, in ya iso majalisar dattawan da ke ƙarƙashin dalbejiya sai ya shiga zagaya su. Ina kwana yana gabas, ina gajiya yana kudu, yaya iyali yana bayansu. Su kuma suna zaune a tabarma suna juya wuya suna amsawa. Wani tsoho a cikinsu ya ce tun da Baba ya sayi wilin nan yake fama da jiri. Wasu suka fara cewa girman kai ne ya shige shi. Wannan ta yi mini ciwo, don na san ba haka ba ne.

Sai ranar shanu. Akwai wani Bafulatani abokin Baba tun ƙuruciya, rugarsu na can gefen hanyar Rawayya, suna noma ɗan gero suna kiwo. Ran nan garkensa na tsallake hanya daidai gangare, ga Baba ya taho. Ya ce hanya, shanu ba su san Hausar ba. Ya sauke ƙafa, gangare ya ƙi. Hannunsa na kan birki, wallahi mutane sun gani, yatsunsa a kai, amma bai matsa ba. Ya kutsa tsakiyar garken yana sallama. Allah ya kiyaye, ya bi ta tsakanin wasu biyu, sai dai wata farar saniya ta ɗaga kai ta sa ƙaho a hannun babbar rigarsa. Keke ya wuce shi kaɗai. Baba ya zauna a ƙasa da 'yar ciki. Saniya ta yi gaba da riga a ka.

Washegari abokin nasa ya kawo rigar har gida, da ƙwaryar nono, wai yana ba da haƙuri a madadin saniyar. Ni aka aiko wa rigar in ɗinke. Da na ga inda ƙahon ya shiga, na auna da idona inda haƙarƙarin Baba yake, dariyar da nake yi ta tsaya. In ya kama birki ya rasa keke, in bai kama ba wata rana mu rasa shi. Na rasa wanda zan zaga, mai shago ko Yaya ko wanda ya ƙirƙiro baƙin wili, sai na zage su duka.

Inna ta yi masa magana sau ɗaya. Ita ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi tana shiga. Ta ce, "Malam, birki hwa don a kama anka yi shi."

Ya ce, "Wili kuma don a hau."



Bayan ɗan lokaci sai labari ya iso ni a shago cewa Baba ya koma kama birki. Har ya sauka ya gaida dattawa hannu da hannu, tsohon nan ya ce jirinsa ya warke. Na tambayi dalili, aka ce wai ruwan wilin ne ya dawo. Na ce ya yi me? Aka ce ya dawo.

Baba da kansa ya yi mini bayani, fuskarsa cike da haske. Ya ce wata safiya ya dawo daga masallaci ya tarar zaren nan ya ɓace. Ya gwada kama birki, da yamma zare ya fito, da safe ya sake ɓacewa. Ya ce, "Kaman rijiya yake. Da rana a ɗiba, kahin sahiya ya tsattsaho. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Kai ne dai da maganar tsumma."

Gab da wata Sallah na kai musu ɗinki na kwana a gida. Da asuba muka je masallaci tare, aka sallame, na tashi, Baba ya zauna da carbinsa. Dama a 'yan kwanakin an ce ya ɗauki sabuwar ɗabi'a, ba ya fitowa sai rana ta ɓullo. Na dawo ni kaɗai. Ina shiga zaure na tarar da Inna a tsugune gaban keke, da ɗan ƙoƙo a hannu da gashin kaza, tana juya taya a hankali tana shafawa.

Ba ta ko firgita ba. Ta ce, "Riƙe min nan."

Na riƙe. Baƙin gindin tukunyar tuwo ne take kankarewa, ta dama shi da ƙaro, yadda ta ga mahaifinta na haɗa tawada. Ta ce ranar farko da man gyaɗa ta dama, Malam ya kama birki a ƙofar masallaci ya tsaya a filin ƙwallo. Ya dawo yana cewa sabon ruwa santsi gare shi. Daga nan ta koma ƙaro.

Na ce, "Inna, ai da kin bar shi ya sauka kowa ya huta."

Ta ce, "Wa zai huta? In ya sauka daga keken ga a kaina zai zauna, yana auna min gishiri." Ta tsoma gashin kazar. "Kuma mutumin ga, in ya zauna, ya mutu. Ka rufe bakinka."

Na rufe. Amma Baba bai rufe nasa ba. Duk inda ya je sai ya ba da labarin wili mai tsattsafo, a gona, a wurin suna, har a makabarta bayan an rufe gawa. Mutanen Rawayya suka yi ta zuwa Gusau suna neman irin na Baba, mai shago ya sayar da na ƙurya kaf ya aika a kawo wasu. Ba a jima ba nasu ya yi fari fat, suka zo wurin Baba neman sirri. Ya ce ba sa barin shi ya huta. Wani ya jingine kekensa a ɗaki ya koma tafiya a ƙasa yana jiran ruwa ya dawo. Wani ya rinƙa kwana da nasa a bakin rijiya. Wani kuma, mai hankali ne fa da iyalinsa, ya rinƙa yi wa nasa ban ruwa safe da yamma kamar shukar albasa.

Da ƙorafi ya ishi mai shago, ya hau mota ya zo Bungudu ya ga abin da idonsa. Ya miƙa hannu zai taɓa, Baba ya ce kallo da ido, mutum ɗaya ne ke da izinin taɓawa. Yaron ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya sunkuya ya shinshina, ya tashi yana sosa ƙeya. Ya koma yana gaya wa mutane cewa na Baba na farkon kamfani ne, sun daina yin irinsa. Ina jin shi kansa ya yarda da hakan.

Mai izinin taɓawa Yaya ne. Duk zuwan da zai yi daga Tsafe, kafin ya shiga gaida Inna, sai ya tsaya a zaure ya duba wili kamar mai duba haƙoran rago. Baba na tsaye ya harɗe hannu. Yaya zai sa yatsa ya zagaya gefen wilin, ya cusa hannun a aljihu, ya ɗaure fuska ya ce, "Da saura." Ni kuma ina gefe ina cewa a raina, dubi babban ɗan kasuwa, mai gane tsohon gero da ido, gindin tukunya ya ci shi da yaƙi.

Har ranar da ya aiko mini da wani kaftani in gyara masa aljihu, wai ya ɓule. Na juya aljihun dama, sai na gan shi baƙi ƙirin, layi a kan layi, shatar yatsa. Na hagu fari tas. Na zauna gaban keken ɗinkina na yi dariya har hawaye, daga baya na rasa na mene ne hawayen. Ashe shi ma tun ranar saniya ya gane abin da wayonsa ya kusa jawowa, kuma girman kai irin na gidanmu ya hana shi cewa ya janye. Na cire aljihun na sa masa sabo da baƙin yadi. Ya karɓi rigarsa, ya sa hannu, ya dubi cikin aljihun, ya dube ni. Ya ce ɗinkin ya yi kyau.

Haka muka zauna shekaru, gida guda kowa na yi wa kowa ƙarya, kuma ban taɓa ganin gidan ya zauna lafiya kamar lokacin ba. Wilin kansa bai taɓa ba mu kunya ba. Ya sha ramukan kwalta, ya sha duwatsun hanyar gona, bai lanƙwashe ba, sifok ɗaya bai tsinke ba.

Tari ya fara damun Inna, likita ya ce ta bar hayaƙi. Yaya ya sayo mata murhun gas, ya zo da shi a kan cinyarsa tun daga Tsafe. Ta karɓa, ta sa albarka, ta mayar da miya da shayi da komai can. Tukunyar tuwo kaɗai ta ƙi saukewa daga murhun itace. Ta ce tuwon gas ba ya nuna. Matar ƙanenmu, wadda ke zaune da su, ta yi ta roƙo ta gaji. Ni na san dalili, Yaya ya san dalili, muka yi shiru kamar ba mu da baki. Ban ce hayaƙin ne ya kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, ƙarshen wata damina, bayan 'yar jinya.

A kwanakin zaman makoki mata suka cika cikin gida, kowa na neman abin da za ta taimaka da shi. Na shiga ɗaukar tabarma sai na ga tukunyar tuwon Inna a kife a tsakar gida, an dirje ta da yashi da toka, tana walƙiya kamar sabuwa. Wata baba tana cewa Allah ya jiƙan baiwar Allah, tsafta gare ta a komai, amma tukunyar nan kam ta ba su wuya. Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce wa ya sa ku? Wa ya roƙe ku? Bayin Allah sun bar gidajensu sun zo taimako, na tsaya ina yi musu ihu a kan baƙin tukunya. Suka ce a ƙyale ni, zafin rashi ne.

Da aka share makoki Baba ya hau keke ya shiga zagayen ban gajiya, gida gida, har rugar abokinsa. Ko'ina ya sauka ya gaisa yadda ya kamata. Kafin ya gama zagayen gefen wilin ya yi fari kewaye, gaba da baya, ba zare ba yanzu, faɗin yatsa guda. Dama ruwan kamfanin ya daɗe da tafiya, abin da muke gani na Inna ne.

Na ce ni zan ci gaba. Na roƙi baƙin tukunya a maƙwabta, na sayi ƙaro, na kwana a gida. Da aka sallame sallar asuba na yi wuf na fito, na tsuguna a zaure da ƙoƙo da gashin kaza. Abin da na ga tana yi cikin sauƙi ya gagare ni. Nan ya yi gudaji, can ya zuba a taya, hannuna da wandona duk sun ɓaci. Ban kai rabin wili ɗaya ba na ji an tsaya a kaina.

Baba ya ce, "Ka cika ƙaro."

Na ɗaga kai, bakina a buɗe.

"Ita kaɗan take sawa. Kuma daga wurin bawul ɗin iska take hwarawa, don ta san inda ta tsaya." Ya jingina da bango, carbinsa a hannu. "Kai kana zaton mi nike yi a masallaci har rana ta hito? Ni ba waliyyi ba ne. Jira nike ta gama."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun ranar man gyaɗa. Wili shina ƙamshin ƙuliƙuli, a ce ban sani ba?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya tsaya a hanya. "Ɗebo ruwa ka wanke shi. Ka kira min yayanka."

Na roƙe shi. Na ce zan koya, na ce akwai fenti a Gusau, na ce a sayo wani wilin sabo a sake sabon alkawari. Ya ce in wanke.

Yaya ya iso kafin azahar. Keke na tsakiyar zaure, na wanke shi tas, gefen wilin na ɗaukar ido. Ya tsuguna kamar yadda ya saba, ya sa yatsa ya zagaya. Ya dubi yatsan, ba komai a jikinsa. Duk da haka ya cusa shi a aljihu. Ya ɗaure fuska, sai dai muryar ta ƙi ɗauruwa.

"Da saura, Baba."

"Ya hita."

"Wallahi ni ban ga ya fita ba. Baƙi ne. Tambayi ƙanena, ai baƙi ne ko?"

Na ce baƙi ne. Mu biyu, manya da 'ya'yanmu, muna tsaye gaban farin ƙarfe da rana tsaka muna rantsuwa baƙi ne.

Baba ya dafa kafaɗar Yaya. "Ya hita, ɗana. Mai zuba shi ta tahi."

Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, yadda ya ɗaga shi ranar da ya fara ganinsa, ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓa ya rasa inda zai kai shi, ya rungume shi yana kuka kamar yaro. A ƙarshe a rufin zauren muka rataye shi, yana nan har yanzu.

Masu keke kan biyo ta shagona su tambaye ni, tunda gidanmu ya yi suna a harkar, ko su sayi mai ruwa ko fari. Ina gaya musu saƙon mai gyara, mai ciki biyu, mai kauri, mai zobba. In suka matsa a kan ruwan sai in ce su sayi fari su huta, in ci gaba da taka keken ɗinkina.

Baba yanzu a bayan ɗan kabu-kabu yake zuwa gona, ya riƙe hularsa da hannu. Kwanan baya liman ya tare ni a ƙofar masallaci ya tambaye ni ko lafiya, wai dattijon da ya fi kowa daɗewa a sahu da asuba, yanzu da an sallame shi ne farkon neman takalmi. Na ce lafiya lau, Malam. Ba wadda zai jira ne.